Kyautar da Za a Goge Kwano da Ita

'Ya'yana, da an sauko daga ƙaramar Sallah katin gayyata yake fara zubowa. Wance za ta tare ranar Asabar, wance an sa ranarta, ga kuɗin anko, ga na tela, ga na motar kai amarya, sannan a zo kan gudummawa. Ina lura da yadda wasunku suke shiga tsaka mai wuya a irin wannan lokaci. Yarinya 'yar makaranta, ba ta da ko sisi nata na kanta, sai ta tasa uwarta gaba da kuka sai an sayo mata saitin kuloli ta kai, don kada a ce ta zo hannu rabbana. Wata ta ci bashi. Wata ta shiga adashin da ba ta san da me za ta zuba ba. Wata kuwa sai ta ƙi zuwa bikin ɗungurungum, ta aika cewa ba ta jin daɗi, alhali lafiyarta ƙalau, aljihu ne ba lafiya. Wannan ta ƙarshe ta fi ba ni tausayi, domin ta taɓa zumunci a kan abin da amaryar ma ba lallai ta tuna da shi ba.

Ku bari a yi wata uku da biki, sannan ku leƙa kicin ɗin amarya. Kulolin nan suna saman kabad a cikin kwalayensu, saiti kan saiti, ko ledarsu ba a ɓare ba. Farantan tangaran an jere su sai ranar da surukai za su zo. To, ku duba abin da take goge kwano da shi, da abin da take sauke tukunya da shi. Sau da yawa tsohuwar singiletin maigida ce, ko wani ɗankwali da ya gaji da duniya. An kashe dukiya a kan jere, amma abin da hannunta zai taɓa safe da rana da dare babu wanda ya tuna da shi, saboda kowa yana ganin ya yi ƙanƙanta a kai shi gaban mutane.

Wannan gurbin nake so ku cike. Tawul ɗin kicin guda uku na auduga, kowanne an ɗinka masa ƙyallen atamfa a baki, an wanke, an goge, an ninke. Kuɗinsa bai kai na anko ɗaya ba, yini guda ya isa a gama shi, amma yana da sharaɗi: sai an yi shi da kyau. Cewa da hannu aka yi abu ba ya wanke aikin ganganci. Kyautar kanti in ta lalace, kamfani ake zagi. Taki in ta warware, sunanki ake kira.

Farkon abin da za ki nema shi ne audugar gaskiya. Zaren auduga yana shan ruwa ya riƙe shi, shi ya sa yake busar da faranti. Yadi mai roba ba ya sha, sai dai ya yi ta tura ruwan daga wannan gefe zuwa wancan, ki gama goge kofi ki tarar da shi jiƙe kamar yadda kika ɗauko shi. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin tsoron shi ne wuta. Roba narkewa take yi in ta ji zafi, kuma in ta narke a hannu mannewa take da fata. Duk abin da zai zauna kusa da murhu ko risho ko gas bai kamata ya zama na roba ba, komai kyansa.

Mai shago zai rantse miki cewa yadinsa auduga ne zalla, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, shi ma haka aka ce masa. Ki roƙe shi ya yanko miki ɗan bakin yadin kamar faɗin yatsa, ki tafi da shi gida, ki fita tsakar gida ki ƙyasta masa ashana. (A gida na ce, ba a cikin shagon mutane ba, inda bandir-bandir na yadi suke jibge.) Auduga tana kamawa nan da nan, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da za ta murmushe tsakanin yatsunki. Roba kuwa sai ta fara tattarewa tana gudun wutar, ta narke, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙulli mai tauri, warinta na leda. Wanda aka gauraya zai nuna miki halin duka biyun. Shi ma ki bar shi.

Abin takaici ne a ce sai da ashana muke gane auduga a ƙasar nan. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin audugar da ake saƙawa ana rinawa a birnin da ƙauyukansa, fatake suna kai su har Tumbuktu, har Gat da Murzuk da Tarabulus. Kakanninku mata su suke gurza audugar, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari, maza su saƙa. Daga baya aka kafa injinan gurza a garuruwa irin su Funtuwa da Gusau, masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har unguwar Kakuri a Kaduna ta cika da ma'aikata. Bayan shekarar 2000 yawancinsu sun rufe ƙofa. Yau galibin yadin da ke Kantin Kwari daga waje yake zuwa, mai yawa daga Sin, kuma cikin mai araha akwai wanda roba ta fi auduga yawa. Ba laifi ba ne a sa shi a jiki in mutum yana so. A kicin ne ba shi da gurbi.

Ki nemi akoko mai ɗan kauri, ko farin yadi mai saƙa a fili wanda ba shi da santsi. In kina da masaƙi a unguwarku ko a ƙauyenku, saƙin hannu ya fi duka, ga shan ruwa ga ƙarko, ga kuma ciniki kin kai wa bawan Allah. Tawul mai gashi-gashi irin na wanka yana da kyau wajen goge hannu, amma yana barin zare-zare a jikin kofin gilashi, don haka na goge kwano ya zama mai shimfiɗaɗɗiyar saƙa. Yadi ɗaya mai faɗin inci 60 zai ba ki tawul huɗu, kowanne inci 18 a faɗi, 30 a tsawo, kafin a kalmashe baki. Uku na amarya, ɗaya na gwaji.

Sai ƙyallen ado. A nan ne dabarar take, kuma a nan ne kyautar take zama taki. Ragowar atamfar ankon bikin ita ce ta fi dacewa. Ki yi tunanin amarya bayan shekara biyu, anko ya tsufa, hotuna sun nutse a cikin waya, ta miƙa hannu za ta ɗauki abin goge faranti sai ga zanen da ƙawayenta suka sa ranar kamunta. Babu kantin da ke sayar da wannan. In ba anko, ki tuna launin da take so, ko kalar labulen da aka sa mata. Wanda ya san mutum shi yake iya zaɓa masa ƙyalle.

Amma ki tsaya a kan amana. Ragowar yadin da ke ƙarƙashin keken tela ba nasa ba ne, na masu kawo ɗinki ne, sai in sun yafe. Mun saba da ganin buhun ƙyallaye a lungun shago har muna ɗauka kayan banza ne da kowa zai iya ɗiba. Ki karɓi ragowar naki yadin, wannan haƙƙinki ne, kuma ki saba da tambayarsa duk lokacin da kika je karɓar ɗinki. Na ƙawayenki kuma ki tambaye su da bakinki. Ba za su hana ki ba, amma tambayar tana da muhimmanci. Bai dace a fara alheri da abin da ba a tabbatar da halaccinsa ba. Sannan ki duba zanen da kyau kafin ki sa almakashi. Duk yadin da ke da rubutun Larabci, ko sunan wani, ko hoton fuskar mutum irin na atamfar taro da ta siyasa, ba a goge miya da shi.

Yanzu ga matakin da masu gaggawa suke tsallakewa, kuma shi ne yake raba aikin kirki da na banza: wanki kafin ɗinki. Auduga tana shiga idan ta sha ruwan farko, kuma yadi biyu daban ba sa shiga daidai da juna. In kika ɗinka sabuwar atamfa a kan sabon akoko, ranar da kika gama zai yi kyau har ki ɗauki hoto. Ranar da amarya ta wanke shi, ɗaya zai ja ɗaya, bakin ya tattare ya yi cukui-cukui, babu dutsen gugar da zai miƙar da shi. Ga kuma sitacin kamfani da ke jikin sabon yadi, wanda yake hana shi shan ruwa sai an wanke shi ya fita. Ki wanke kowanne daban da ruwan ɗumi da sabulu, ki ɗauraye, ki shanya. Atamfar kuma ki gwada ta: ki jiƙa ta, ki murza ta da farin ƙyalle. In farin ya ɗauki launi, tana zuba ke nan. Ki sake wankewa har ruwan ya fito garau, in ta ƙi dainawa ki haƙura da ita. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi wannan hali. Farin tawul da jar atamfa ta zuba a kansa ba ya komawa fari.

Idan sun bushe, ki goge su sumul, sannan ki yanka. Ƙyallen adon ya zama inci 4 a faɗi, tsawonsa kuma daidai da faɗin tawul ɗin. Ki yanka shi a miƙe, bin zaren yadin, domin wanda aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin allura ya yi tumbi. Ki kalmashe rabin inci ta sama, rabin inci ta ƙasa, ki danne da dutsen guga har layin ya fito sosai. Kada ki raina guga. Rabin ɗinki a kan teburin guga ake yin sa, kowane tsohon tela zai gaya miki haka. Ki ɗora ƙyallen kamar inci 3 daga ƙasan tawul, ki auna da tef ta hagu da ta dama don kada ya karkace, ki kafe shi da fil, ki fara daga tsakiya kina fita gefe.

Wajen ɗinkin, ki bi dab da bakin kalmasar, kuma layin sama da na ƙasa duk ki fara su daga gefe guda. In kika tafi da ɗaya kika dawo da ɗayan, ƙyallen zai murɗe a tsakiya. Zaren sama ya dace da atamfar, na ƙasa ya dace da tawul ɗin, yadda in an juya baya ba za a ga baƙin layi ya ratsa farin yadi ba. Sai bayan kin gama ɗora adon za ki kalmashe gefunan tawul ɗin sau biyu ki bi su da ɗinki, ta haka bakin atamfar zai shige cikin kalmasar, babu inda zare zai leƙo. Idan kuwa ɗinkakken tawul kika saya, sai ki ƙara inci ɗaya a tsawon ƙyallen, ki lanƙwasa ƙarshensa ciki ta kowane gefe. Farko da ƙarshen kowane layi ki koma baya kaɗan ki sake bi, don ya ƙullu. Ɗan abin da ya rage ki ninke shi siriri ki yi maratayi a kusurwa, saboda tawul da ba shi da wurin ratayewa a ƙasa yake ƙarewa.

Wadda ba ta da keke kada ta ce an bar ta a baya. Allura da zare sun isa, in dai za ta yi ɗinkin ƙanana kuma a jere. Masu ɗinkin hula suna kwashe makonni a kan hula ɗaya da allura kawai, balle layi biyu miƙaƙƙu. Komai ƙanƙantar allura, ai ƙarfe ce. Ku ma samari da ku nake. A garuruwanmu yawancin teloli maza ne, kuma saurayin da ya ɗinka wa yayarsa ko mahaifiyarsa irin wannan bai rage komai daga mazantakarsa ba.

Idan kin gama, ki juya shi baya ki duba. Gaba kowa yana iya gyarawa. A baya ake ganin zaren da ya cukurkuɗe, da inda aka yi tsalle, da inda aka gaji aka ce ya isa haka. Duk inda bai yi ba ki farke ki sake. Manyan mata da za su ɗaga kyautarki a ɗakin amarya bayan za su fara dubawa, na san halinmu.

Akwai jarabar da take kama mai sabon hannu, ita ce son ƙara ado. A sa leshi, a sa duwatsu, a sa ƙyalƙyali, a liƙa fure da gam. Ku yi haƙuri ku bar wannan. Dutse yana karce faranti, leshin roba yana narkewa a jikin tukunya, gam yana saki a ruwan zafi, kuma tawul da ya cika ado tsoron taɓa shi ake yi. Sai a ninke shi a sa a kabad kusa da kulolin nan, a koma wa singileti. In haka ta faru kin yi asarar yininki. Layi ɗaya na atamfa a gefe ɗaya ya wadatar, sauran jikin a bar shi fili don aiki.

Dalilin da ya sa na ce uku, kuma kowanne da kalar adonsa daban, ba don kyan gani ba ne kaɗai. Jiƙaƙƙen tsumma a ɗakin girki mai ɗumi wuri ne da ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Matar da ta gyara ɗanyar kaza ta goge hannu, sannan ta ɗauki wannan tsumman ta goge kofin da yaro zai sha ruwa, ta kai masa abin da ke jikin kazar ba tare da ta sani ba. Gudawar da muke ɗora wa haƙori ko sauyin ruwa, wani lokaci daga irin wannan take. Idan mai koren baki na kwanuka ne, mai ja na hannu, mai ruwan ɗorawa na sauke tukunya, ko ƙaramar yarinyar da ke taya aiki ba za ta rikita su ba. Ki faɗa wa amarya wannan da bakinki lokacin da kike miƙa mata, ki ƙara da cewa a riƙa wanke su akai-akai da ruwan zafi, a shanya a rana su bushe ƙayau, kuma kada a sa musu ruwan nan mai ƙamshi na laushin tufafi, domin yana lulluɓe zaren ya rage masa shan ruwa.

Na san abin da ke cin zuciyar wasunku tun da na fara: kunya. Za a samu wadda za ta taɓe baki ta ce, "Wance fa tsumma ta kawo." Ba zan ce muku ba za a samu ba. Amma ku san cewa aikin hannu ba alamar rashi ba ce a wurin mutanen kirki. Uwar muminai Nana Zainab bint Jahsh, Allah Ya ƙara mata yarda, an san ta da sana'ar hannu, tana jima tana ɗinki, abin da ta samu ta bayar sadaka. A Amurka ma, lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, matan karkara da buhunan fulawa da na abincin kaji na auduga suke ɗinka riguna da tawul ɗin kicin, har masu kamfanoni suka lura suka fara buga wa buhunan furanni, suna rubuta sunan kamfani da tawadar da take fita a wanki. Abin da talauci ya koya musu, jikokinsu suna yin sa yau don sha'awa, suna ba juna a matsayin kyauta ta musamman.

Sai dai kada ku fahimce ni a baibai. Biki a wurinmu yana da littafi. Abin da aka kawo wa mahaifiyarki ranar bikin yayarki an rubuta, kuma ana jiran ranar da za ta mayar. Wannan lissafin manya ne, tawul ba ya biyan sa, kuma ban ce ki je ki rushe al'adar gidanku ba. Maganata a kan taki kyautar ce, ke da ba ki fara samu ba tukuna, ko kike samun kaɗan: abin da za ki ba ƙawarki, ko malamarki ta Islamiyya, ko gwaggonki da ta koma sabon gida, ko maƙwabciyar da ta yi muku ɗawainiya lokacin da Mama take kwance. A irin waɗannan wurare babu mai jiran ki da kuloli.

Wajen miƙawa kuma kada ki rage wa abinki daraja da bakinki. Ban da "ki yi haƙuri, ba yawa," ban da "ɗan tsumma ne kawai." Ki ninke su adon yana sama, ki ɗaure da siririn ƙyallen atamfar, ki ce, "Ga wannan, ni na ɗinka miki, na aiki ne ba na ajiya ba." In kina da hali ki haɗa da muciya ko ludayi mai kyau. In babu, su kaɗai sun isa.

Kada na amarya ya zama na farkon da za ki ɗinka. Wancan na huɗun da na ce na gwaji ne, shi za ki fara yi, ki rataye wa mahaifiyarki a kicin, ki bar shi ya sha manja da toka da wanki har wata guda. Sannan ki ɗauko shi ki duba. In bai tattare ba, bai zuba ba, bakin bai warware ba, to ki sa almakashi a sauran ukun. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa albarka a hannuwanku.